Ƙasa ta gwamna ce, to gonar ta wa ce?

Idan aka gama girbi a ƙasar Hausa, aka ɗaure dammunan gero da dawa aka kai rumbu, gonar da ta yi wata biyar ba mai taka ta sai mai ita takan koma ta jama'a da yawa. Mata da yara su shigo kalar gyaɗa da abin da ya zube, ba mai ce musu don me. Bafulatani ya koro shanunsa su ci kara su bar taki, wani lokaci ma mai gonar ne zai roƙe shi ya sauka a ciki ya kwana biyu, har ya haɗa masa da ɗan hatsi. Hanyar da aka toshe da ƙaya da damina ta buɗe, masu zuwa kasuwa su ratsa. Ɗorawar da ke tsakiyar gonar kuwa, a wurare da dama ba ta mai noman ba ce, ta gidan da suka fara saran wurin ce ko ta sarauta, kuma idan ta nuna su ne za su zo su kaɗe. In gonar gado ce da ba a raba ba, akwai ƙanwar da ke aure a wani gari, tana da kasonta a ciki ko da ba ta taɓa riƙe fartanya a wurin ba. In jingina ce, akwai wanda ya karɓi kuɗi ya tafi, yana da ikon dawowa ya fanshi abinsa ko bayan shekara ashirin. Can a birni kuma, a ma'aikatar filaye, akwai dokar da ta ce ƙasar jiha gaba ɗaya tana hannun gwamna.

Duk waɗannan mutane suna da wani abu a gona ɗaya, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Wanda ya tashi a karkara ba ya ganin wani abin ruɗani a nan, domin kowa ya san nasa, ya san lokacinsa, ya san inda ya tsaya. Ruɗanin yana farawa ne ranar da aka zo da fom mai layi ɗaya aka ce a rubuta sunan mai gona. Daga ranar, suna ɗaya ya shiga takarda, sauran haƙƙoƙin suka zama alfarma, ana iya yi ana iya bari. A ganina, mafi yawan rigimar filaye da ta cika kotunanmu, da wani kaso mai girma na jinin da ake zubarwa tsakanin manoma da makiyaya, sun samo asali ne daga wannan fahimta da muka rungumo ba tare da mun auna ta ba: cewa mallaka iko ne guda ɗaya dunƙulalle, na mutum ɗaya, a kan abu ɗaya, wanda takarda ke haifarwa kuma takarda ke kashewa.

Mallaka ba tsakanin mutum da abu take ba, tsakanin mutum da mutane take. Wanda yake shi kaɗai a tsakiyar hamadar Tenere, ba kowa gabas ba kowa yamma, ba shi da dalilin cewa "wannan nawa ne", don babu wanda zai gaya wa. Maganar tana yin ma'ana ne idan akwai wani mai iya ɗauka, ya kuma yarda ba zai ɗauka ba. Shi ya sa iyayenmu, da za a sayar da gona ko a ba da aro, ba su fara neman alƙalami ba, sun fara neman mutane. A kira mai unguwa, a kira maƙwabtan gona na kusurwa huɗu, a zaga iyaka da ƙafa, a dasa gamba ko aguwa, a raba goro. Yaran da aka tafi da su ba rakiya suka je ba, an kai su ne don su gani su riƙe, domin su ne za a tambaya bayan dattawan sun kau. Shari'a ma a kan wannan ta tsaya. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, idan wani bare ya riƙe fili yana gini yana rushewa, yana noma shekara goma, mai da'awar yana gari yana kallo, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba a sauraron ƙararsa bayan nan. Tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka tsawo sosai, saboda an san ɗan'uwa yakan yi kara. Wannan shi ne hauzi. Hukuncin ya ɗauki ganin jama'a da shirun mai haƙƙi a matsayin hujja, ya kuma lura cewa shirun ɗan'uwa ba ɗaya yake da shirun bare ba.

To amma yardar mutane ba ta faɗowa daga sama. Me ya sa tun farko za a yarda cewa wannan yanki na wane ne? Amsar da Musulunci ya bayar a fili take cikin hadisin da ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa, tasa ce. Ba wanda ya fara hango ta ba, ba wanda ya fi ƙarfi ba, wanda ya raya ta: ya sare, ya tumɓuke, ya haƙa rijiya, ya shuka, ya gina. Malaman Malikiyya suka ƙara da abubuwa biyu da nake ganin sun fi ƙarfin zamaninsu. Na ɗaya, idan filin yana kusa da gari, inda mutane ke kiwo da yin itace, ba a raya shi sai da izinin shugaba, don kada amfanin mutum ɗaya ya cinye na gari. Na biyu, wanda ya samu ƙasa ta hanyar rayawa, idan ya sake ta har ta daɗe ta koma daji, wani ya zo ya raya ta, ta zama ta na biyun. Abin da ya kawo mallakar shi ne ke riƙe da ita. Sayyidina Umar ya yi aiki da wannan a kan Bilal ɗan Haris, wanda Annabi (SAW) da kansa ya yanka wa fili a kwarin Aƙiƙ: ya bar masa abin da zai iya nomawa, ya karɓi ragowar ya raba wa mutane. A nan ƙasarmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa, wanda ke nuna cewa shugabannin Daular Sakkwato sun ɗauki tambayar da muhimmanci tun farkon ƙarni na 19.

A Ingila, masanin falsafa John Locke ya zo da magana mai kama da wannan a 1689. Ya ce mutum ya mallaki jikinsa da aikinsa, don haka abin da ya cakuɗa da guminsa ya zama nasa, da sharaɗin ya bar wa wasu abin da zai ishe su kuma mai kyau kamar nasa. Magana ce mai daɗin ji ga duk wanda ya san zafin sassabe. Sai dai tarihi ya nuna inda take da rami. Turawan da suka mamaye Amurka sun dubi mutanen da suka tarar suna farauta da yawo a dazuka, suka ce ai waɗannan ba su noma ƙasar ba, saboda haka ba tasu ba ce. Rabin farko na maganar suka riƙe, suka jefar da sharaɗin.

Wannan ramin yana nan a gabanmu yau, kuma dole wanda ke son ƙa'idar rayawa irina ya dube shi da idon basira. Idan guminka a cikin ƙasa shi ne kaɗai hujja, to mai garma ya ci, mai sanda ya faɗi. Makiyayi ba ya barin kunya a inda ya wuce. Iyalinsa za su iya bin labi ɗaya shekara ɗari, su sha a mashaya ɗaya, su binne matattunsu a bakin daji ɗaya, amma ranar da wani ya zo da tarakta zai ce ya tarar da fili ba kowa. Addinin da ya zo da hadisin rayawa shi ne kuma ya zo da wanda ya ce mutane abokan tarayya ne a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Shi ne ya san hurumi, filin da shugaba ke keɓewa ya hana kowa mallaka don kowa ya amfana, kamar yadda Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Umar ya keɓe Rabaza. Ke nan akwai abin da rayuwarsa ita ce a bar shi a buɗe. Burtali ba gonar da aka manta ba a noma ba ne, hanya ce da ke aikinta. Gwamnatin Jihar Arewa ta gane haka har ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma kaɗan daga cikin wuraren aka tabbatar a hukumance, da yawa kuma an yanka su gonaki da fulotai, mafi yawa ba ƙananan manoma ne suka samu manyan yankan ba.

Akwai maganar da takan taso duk lokacin da aka zo nan: ai komai na Allah ne. Gaskiya ce da ba mai ja. Alƙur'ani a Suratul Hadid ya umarce mu mu ciyar daga abin da Ya sanya mu wakilai a kansa. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ake gaya wa maganar. Ban cika jin an gaya wa mai hekta dubu da ya kewaye da waya ya bar wa ciyawa ba. Wanda ake gaya wa shi ne tsohon da aka karɓe wa kadada biyu, a dafa kafaɗarsa a ce, "Baba, a yi haƙuri, ƙasa ta Allah ce." Alhali ma'anar maganar ta fi hawa kan mai iko. Idan ainihin Mai abu Allah ne, to babu sarkin da ya mallaki ƙasa, babu gwamnan da ya mallake ta, kowa riƙo yake yi, kuma mai babban riƙo shi ne mai babbar tambaya. Shari'ar da ta ce dukiya ta Allah ce ita ce ta yi tsananin gargaɗi ga wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci.

Yadda riƙon ya koma hannun hukuma kuwa sananne ne. A watan Maris na 1903, bayan faɗuwar Sakkwato, Lugard ya tara manyan gari ya gaya musu cewa duk ikon da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Ingila da yaƙi, har da iko a kan ƙasa. A 1908 aka zaunar da kwamiti a London kan filayen Arewa, a 1910 aka yi shelar cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta gwamnatin Sardauna ta gaji wannan tsari, ta sa minista a gurbin gwamna. Sai 29 ga Maris 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Najeriya baki ɗaya da Dokar Amfani da Ƙasa. Sashenta na farko ya damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha ga gwamna, ya riƙe ta amana, ya tafiyar da ita don amfanin dukkan 'yan Najeriya. Tun daga nan, abin da ɗan ƙasa yake da shi a idon doka izinin zama ne. Takardar C of O da mutane ke ɓoyewa a ƙasan akwati shaidar wannan izini ce, yawanci na shekara 99, kuma ba ka sayarwa ko jinginarwa ga banki sai da sahalewar gwamna.

Ba zan ce niyyar dokar mugunta ba ce. Tsarin 1910, duk da asalinsa na mamaya, ya hana a yi wa Arewa irin abin da aka yi wa Kenya da Rodeshiya (Zimbabwe ta yau), inda baƙi suka kwashe ƙasa mai kyau. Masu dokar 1978 sun so karya masu tara filaye suna jiran tsada, su kuma sauƙaƙa wa gwamnati samun wurin makaranta da asibiti da hanya. Hasali ma, a rubuce, dokar ta fi kusa da fahimtar da nake karewa fiye da ta masu cewa naka naka ne ka yi yadda ka ga dama. Inda ta karye shi ne ta naɗa mai riƙon amana ba ta naɗa mai tambayarsa ba. Waliyyin maraya alƙali na iya kiransa ya kawo lissafi, ya tsige shi idan ya ci. Gwamna kuwa shi ke naɗa kwamitin rabon filaye da zai ba shi shawara, shi ke bayarwa, shi ke sokewa da sunan maslahar jama'a, shi ke fassara maslahar. Amanar da ba a tambayar mai riƙe da ita, da sannu takan rikiɗe ta zama mallaka, kuma haka ta rikiɗe. Ka saurari yadda ake magana a gari: "Gwamna ya ba wane fili." Ba mai jin wani abu ya soke shi a kunne, kamar daga gadon gidansu ya yanko.

Dubi kuma abin da dokar ta ɗauka a matsayin asarar wanda aka karɓe wa. Sashe na 29 ya ce a biya diyyar gini da amfanin gona da sauran abin da mutum ya ƙara a wurin. Ƙasar kanta, abin da za a ba shi shi ne kwatankwacin kuɗin hayar da ya biya hukuma a shekarar, idan ya biya. Manomin da ya gaji gonarsa ba ya biyan haya, don haka ƙasar tasa a lissafin doka ba ta da farashi. Za a ƙirga mangwaro da ɗorawa da kunyoyin rogo, a buga jimla, a miƙa masa. Ba a ƙirga takin shekara hamsin da ya mai da jigawa ƙasa mai albarka. Ba a ƙirga damunan da ke gaba, na shi da na 'ya'yansa. Bayan shekara biyu zai wuce ta wurin ya ji an sayar da fuloti ɗaya a kan abin da ya ninka duk diyyarsa. Wanda ke zaune a Kumbotso ko Ungogo ko Dawakin Kudu, inda birnin Kano ke cin gonaki kullum, ba sai an ba shi labari ba. Akwai sashen da ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba manomi wata gona idan an soke tasa ta gargajiya, amma manoma nawa aka taɓa karanta wa shi?

Bakolori ita ce wurin da wannan lissafi ya kai ga jini. An datse kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara a ƙarshen shekarun 1970 don noman rani. Ruwa ya shanye garuruwa da fadamu, aka karɓe gonaki don a baje su a yanka magudanai, manoma suka yi damuna ba su shuka ba, diyya kuma ta zo a makare, a gutsure, wasu ba ta iso su ba. Da suka gaji da kai kuka sai suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, a ƙarƙashin mulkin farar hula, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka harbe mutane, aka ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen garuruwan da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A takarda, gwamnati ba ta ƙwace komai ba, nata ta ɗauka. A zuciyar manoman, an raba su da abin da kakanninsu suka sara. Fahimta biyu ce ta mallaka suka yi karo, ɗaya tana da bindiga.

Kada mai takarda ya ɗauka shi ya tsira. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabace ta ta cefanar da filayen jama'a. Masu shagunan suna riƙe da takardun hukuma, suka je kotu, kotu ta ce a biya su. Ba sai na ɗauki ɓangare a siyasar ba kafin in ga abin da ya bayyana: hannu ɗaya ya ɗauki filin sallar idi na gari ya mai da shi na ɗaiɗaiku, wani hannun ya ɗauki dukiyar ɗaiɗaiku ya mai da ita ɓaraguzai, kuma duka biyun daga kujera ɗaya suka samu iko. Abin gari bai tsira ba, abin mutum bai tsira ba.

Wanda ke ganin duk wannan surutun malamai ne, ya tsallaka Maraɗi da Damagaram ya dubi itatuwa. Tun dokar daji ta Faransa ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, manyan itatuwa irin su gawo na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. Ka sare reshe, ma'aikatan daji su ci ka tara. Manomi ya yi abin da duk mai hankali zai yi: ya ga tsiro ya cire shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa hukuma. Gonaki suka zama fili fetal, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, a yi shuka biyu ko uku kafin ta kama. Aka kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, mafi yawan dashen ya mutu, don ba mai shi. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace shekara tohon kututture ne masu rai da saiwa a ƙasa. Idan aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka rage sauran, aka kare su, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi, lauje ko gatari ya isa. Abin da take buƙata shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena shi zai mora. Yunwar 1984 ta sa mutane suka saurara, aka fara samun sassauci daga ma'aikatan daji, hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ya taki ƙasa, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani. Duk wannan manomi ya san shi tun kaka da kakanni. Ba ilimi ya rasa ba, tabbaci ya rasa.

Ko a nan ma akwai abin lura. Da itace ya zama na mai gona, matar da ta saba yin itacen girki a ko'ina da makiyayin da ya saba sassaƙo wa dabbobinsa reshe suka fara cin karo da "ba a shiga". Tabbatar wa mai rayawa haƙƙinsa wajibi ne, amma idan aka yi shi da mantawa da sauran masu haƙƙi, an gyara wata ɓarna ne da wata. Abin da ya burge ni a tsarin Nijar shi ne ya yi ƙoƙarin riƙe duka biyun. Dokar 1993 ta amince da haƙƙin gargajiya daidai da na takarda, ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda daga baya aka kai su har matakin ƙauye, inda ake zaunar da sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da makiyaya da mata. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Kowace shekara hukuma kan tsayar da ranar sakin gonaki bayan girbi, wato doka da kanta ta yarda cewa gona tana da ma'abota daban-daban gwargwadon lokacin shekara. Aiwatarwa tana da rauni, rigima ba ta ƙare ba, amma tunanin da ke ƙarƙashin dokar ya yi daidai da yadda mutane ke rayuwa.

Ba ina kiran a koma jiya ba ne, don jiyan ba ta kowa ba ce. Gandayen sarakuna da rinjoji irin na Fanisau bayi ne suka raya su, kuma ƙa'idar "wanda ya raya tasa ce" ba ta taɓa isa gare su ba. Dagatai da hakimai sun karɓe gonakin waɗanda suka yi ƙaura ko suka kasa biyan haraji, sun ba wanda ya kawo gaisuwa. Har gobe, babbar wadda al'ada ke cuta ita ce mace. Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo, mata suna da rabo, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Amma a gidaje da yawa, idan uba ya rasu sai a ce gona ba ta rabuwa, "Ki bari a hannun yayyenki, ai ba za su ƙi ki ba." A kai mata dami biyu da kaka shekara uku, a huɗu a manta, a ta goma ta ji an sayar. Kunya ta hana ta kai ɗan'uwanta gaban alƙali. Irin wannan mata, da gwauruwar da ƙannen miji suka sa wa ido, da marayan da shaidun ubansa suka mutu, takarda ce garkuwarsu. Garuruwa sun cika, dattawan da suka zaga iyaka sun tafi, dillalin awon igiya na iya sayar da fegi ɗaya ga mutum uku. Ƙwaƙwalwar unguwa ba ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, kuma adadin da ake ta ambata tun lokacin shi ne ƙasa da kashi 3 cikin 100 na filayen Najeriya ke da rajista. Ana buƙatar rubutu, ba shakka.

Abin da nake ja a kai shi ne me za a rubuta, a ina, a gaban wa. Takarda ta zama mai shaida abin da ke ƙasa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa C of O ba ta wanke wanda ya same ta a kan filin da wani ya riga shi haƙƙi. A yi rajistar a cikin ƙauyen, da rana, a zaga iyaka da maƙwabta kamar yadda aka saba, sannan a rubuta. Fom ɗin ya samu gurbin magada duka da sunayen mata, gurbin mai jingina da mai aro, gurbin mai itace, gurbin burtalin da ya ratsa da mashayar da ke gefe. Idan za a karɓi gona don aikin jama'a, a sanar da mai ita, a saurare shi kafin katafila ta iso, a biya shi darajar ƙasar ba ta rogon da ke kanta kawai ba, idan kuma fulotai za a yanka a sayar, ya zama mai kaso a ciki. Filin da aka ba wani babba da sunan noman zamani ya bar shi shekara da shekaru a kewaye, a yi masa abin da Umar ya yi wa Bilal.

Gyara dokar 1978 kanta aiki ne mai wuya, domin an cusa ta cikin tsarin mulki, sashe na 315 na kundin 1999, ba a taɓa ta sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, waɗanda mafi yawansu ba sa ƙetare maganar gwamnonin da dokar ta fi yi wa daɗi. Amma akwai abin da ba ya jiran wannan. Kowane fili da gwamna ya bayar da kowane da ya soke, a buga shi a fili duk wata uku: wurin, girmansa, sunan wanda aka ba, sunan wanda aka karɓe wa, dalili, da abin da aka biya. A manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi, a karanta a rediyo da Hausa, a sa a intanet. Gwamna ɗaya da alƙalaminsa ya isa ya fara wannan a jiharsa cikin mako guda, kuma tambaya ce da ya kamata a yi wa duk mai neman kujerar tun yana yawon neman ƙuri'a.